Man Shanun Ran Kasuwa

Ina farawa da sunan Allah, wanda ya ba mu lafiya ba tare da mun roƙa ba, yake kuma rage ta a lokacin da ya ga dama. Abin da zan ba da labarinsa ba wani babban al'amari ba ne. Kwalbar man shanu ce, da yadda ta kusa raba ni da mutumin da na fi daɗewa tare da shi a duniya, in aka cire waɗanda muka fito ciki ɗaya.

Ni mutumin Tudun Kaya ne, a nan aka haife ni, a nan gonarmu ta gado take. Abokin nawa kuwa Bafulatani ne, rugarsu tana gefen Fulatan, can ƙasar Rogo. Ba mu muka ƙulla zumuncin ba, tarar da shi muka yi. Tun zamanin iyayenmu, idan kaka ta yi aka kwashe dawa, mahaifinsa yakan koro shanu su sauka a gonar mahaifina, su ci kara da ragowar harawa, su bar mana taki. Ranar da za su tashi, mahaifina ya sa a ɗora musu damman dawa a kan jakuna. Su kuma duk ran kasuwar Karaye sai man shanu ya shigo gidanmu, ko damina ko rani. Da iyayen suka rasu, Allah ya jiƙansu, sai ni da shi muka ci gaba daga inda suka tsaya, ba tare da mun taɓa zama mun ce za mu yi ba.

Yakan baro gida da sassafe, ya shiga kasuwa ya gama abin da ya kai shi, sannan ya ratso ta wajena gab da azahar. Tun daga ƙofar zaure zan ji muryarsa.

"Kaɗo, kana ciki, ko yunwa ta gama da kai?"

Kaɗo shi ne sunan da Fulani suke kiran Bahaushe da shi. Ni kuma in ce, "Shigo, ɗan Fillo, ai tun kana bakin gari na ji ƙarnin nono."

Sai ya zaro kwalbar daga aljihun rigarsa ya dire a gabana. Matarsa ce take soya man da albasa, ta tace, ta ɗura a kwalba, ta toshe bakin da totuwar masara, ta ɗaure da shuɗin ƙyalle. Mu yi sallar azahar, mai ɗakina ta miƙo tuwon dawa da miyar kuka, in buɗe kwalbar in kwarara har man ya kwanta a kan miya, mu sa hannu a akushi ɗaya. Ba ma yawan magana in muna ci. Bayan mun wanke hannu ne ake taɓa zancen ruwan sama, da wanda ya rasu, da wanda ya aurar. La'asar ta yi ya hau babur ya koma. Haka muka shekara fiye da talatin.

Shekara uku da suka wuce yayana ya faɗi a ƙofar masallaci, bayan an idar da la'asar. Yana neman takalminsa ne kawai sai muka ga ya sulale. Muka ɗauki mota muka kai shi wani asibiti a Kano. Ya rayu, alhamdu lillahi, amma ɓarin jikinsa na dama ya shanye, kuma har yau maganarsa sai wanda ya saba da shi yake ganewa. Likitan da ya duba shi, wani matashi mai sanyin murya, ya ce wa mu da muke ciki ɗaya da shi mu zo a gwada jininmu. Ya ce mu zo da safe, kada mu ci komai. Ƙannena suka ce su lafiyarsu ƙalau. Ni ma lafiyata ƙalau, amma na ga yadda ake goge wa yayana baki da tsumma, sai na je.

Da sakamakon ya fito, likitan ya daɗe yana duba takardar, sannan ya ɗago ya ce, "Baba, kitse ya yi yawa a jininka. Shi muke kira kolestarol."

Na dubi hannuwana. Ni mutum ne siriri tun ina yaro, har tsokanata ake yi da shi. Na ce, "Ranka ya daɗe, ina kitsen yake? Ko takardar wani aka haɗa da tawa?"

Ya yi murmushi ya ce ba kitsen da ido yake gani ba ne, siriri ma yana samunsa. Ya tambaye ni ko ina noman rani, na ce ina da 'yar fadama. Ya ce to in tuna da tiyon ban ruwa, yadda laka take kwanciya a cikinsa kaɗan-kaɗan, daga waje ba a ganin komai, har wata rana ruwa ya kasa wucewa. Ya ce haka wannan kitse yake kwanciya a hanyoyin jini, ba ciwo, ba zazzaɓi, ba wata alama, sai ranar da ya toshe hanyar da ta nufi zuciya ko ƙwaƙwalwa. Ya ce kitsen iri biyu ne, akwai mai kwanciya, akwai mai share hanya, ni mai kwanciyar ne ya yi mini yawa. Wani hanta ce take yinsa da kanta, kuma akwai gidajen da abin yake bin jininsu, wani kuma daga abinci yake shiga.

Daga nan ya fara tambayata abin da nake ci. Tozo da kayan ciki a wajen suna, na ce in an samu. Manja, na ce a miya. Ƙosai da safe, na ce kusan kullum.

"Man shanu fa, Baba?"

Na ce, "Wannan ai ba a tambaya. Da shi aka yaye ni."

Ya ajiye biro ya ce, "To shi za a fara ajiyewa."

Ya rubuta mini ƙwaya guda da zan riƙa sha kullum, ya ce kada in daina don na ji garau. Ya ce in yawaita wake da zogale da rama da kuɓewa, in ci kifi in an samu, in cire fatar kaza, in rage soye-soye, man gyaɗa ma a sa kaɗan. Ya ce in riƙa tafiya da ƙafa, in dawo bayan wata uku. Rubutunsa na boko ne, irin na likitoci da ko 'yan boko ba sa iya karantawa, sai na ari bironsa na juya bayan katin na rubuta duk abin da ya faɗa da ajami, don kada in je gida in manta rabi.

A cikin motar Karaye ba tozo nake tunani ba, ba ƙosai ba. Jibi kasuwa, shi nake tunani.

Na kasa gaya masa. Wanda bai zauna da Fulani ba zai ce mene ne abin wahala a ciki. Amma mutumin nan shanunsa su ne mutuncinsa. Ya san kowace saniya da uwarta da kakarta, kuma man da yake kawo mini ba na sayarwa ba ne, daga nonon da ake warewa don gida ake fitar da shi. In dube shi in ce abin da gidanku yake kawo wa gidanmu tun kafin a haife mu shi ne yake neman kwantar da ni? Bakina ya ƙi. Ga kuma tarbiyyar da muka samu, cewa dattijo ba ya yawo da zancen ciwonsa, balle ciwon da ba ya ko sa mutum tari. Sai na ce a raina, sau ɗaya a mako ai ba zai yi komai ba. Ya zo, na buɗe kwalba, na kwarara, muka ci. Bayan ya tafi kuma kwalbar tana nan a ɗaki, buɗaɗɗiya, tana ƙamshi. Tuwo babu mai ya ƙi wucewa a maƙogwarona, sai in ce a ɗiga kaɗan. Kaɗan ɗin nan kafin wata kasuwar ta zagayo kwalba ta ƙare.

Bayan wata uku na koma. Likitan ya duba sabuwar takardar, ya ɗauko tsohuwar ya jera su. Ya ce abin ya sauka, amma bai kai inda yake so ba. Ya tambaye ni ko ina shan ƙwayar, na ce ko rana ɗaya ban tsallake ba. Ya tambaye ni tafiya, na ce yanzu da ƙafa nake zuwa gona. Sai ya kalle ni, ni kuma na sunkuyar da kai kamar an kama ni da hannu a tukunya.

Ya ce, "Baba, ƙwaya tana kwashewa, kai kana zubawa. Yaya jikin yayan naka?"

Na ɗauki katina na fito.

A hanyar dawowa na samo dabarar da na ɗauka mai kyau ce. Na ce zan riƙa ɗaukar azumin nafila duk ran kasuwa. Ba ƙarya zan yi ba, da gaske zan kama baki tun asuba. In ya zo in ce ina azumi, shi ya ci, ni in zauna kusa da shi. Ba wanda zai ji haushin mai azumi.

Ranar farko ya yi dariya ya ce, "Kaɗo, tsufa ya zo, an fara neman lahira da gaggawa. Allah ya karɓa." Aka kawo tuwo, na buɗe kwalbar na zuba masa. Ya yi loma uku ko huɗu ya tsame hannu. Bafulatani ba ya iya cin abinci ana kallonsa, sai dai in tare ake ci. Na sani, amma na yi kamar ban sani ba. Mako na biyu ma haka. A na uku ya ce kada a wahalar da mai ɗaki, ya ci a kasuwa. Ya ajiye kwalba, muka yi sallah, muka ɗan taɓa hira, ya tashi tun rana tana tsaka.

Azumin nan bai ba ni natsuwa ba. Duk asubar da zan ɗaura niyya sai in tsaya ina tambayar kaina, don Allah nake yi ko don gudun kwalba? Na san abin da aka karantar da mu a kan niyya, kuma na san amsar ba ta da daɗi. Ga yunwa, ga nauyin zuciya, ladan ma ban tabbata da shi ba. A wannan lokacin komai ya gundure ni. In an kira ni suna, a ajiye mini tozo don girmamawa, in tura wa na kusa da ni, a yi ta tambayata ko lafiya. A gida kullum wake, kullum zogale. Da safe in shanye koko babu ƙosai, in ɗauki sanda in kama hanyar gona, masu babur suna tsayawa suna cewa, "Malam, hau mana in rage maka hanya," ina cewa na gode. Mutum yana jinya, amma ba shi da inda zai nuna ya ce nan ne yake ciwo.

Kwalabe kuwa suka fara taruwa. Mai ɗakina, da ita kaɗai ta san zancen, ta jera su a bayan randa. Wata rana ta ce, "Malam, wai me za a yi da su? Sun kai biyar. Ni hawan jini ya hana ni, kai likita ya hana ka, yara duk sun yi gidajensu."

Na ce ta raba wa maƙwabta, sadaka ce.

Ta ce, "Rabawa ba wuya. Amma ni dai da ka gaya wa bawan Allahn nan gaskiya. Kai da kake raba gardamar mutane a zaure, kalma biyu ta gagare ka?"

Na ce ta bari, lokaci bai yi ba. Ta ce, "To, Allah ya kawo lokacin," da irin muryar da take yi in ta san ba zai zo ba.

Haka aka yi ta yi har damina ta ja baya. Sai wata kasuwa ta zo, azahar ta yi, ban ji muryarsa ba. Na ce ko babur ne ya lalace. Kasuwa ta biyu ma shiru. Na tambayi wasu mutanen Fulatan da na gamu da su, suka ce lafiyarsa lau, sun ma gan shi a kasuwar shanu yana duba wani maraƙi. Na kira wayarsa, ya ɗauka, muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, na tambayi shanu. Bai ce mini Kaɗo ba, Malam ya yi ta ce mini. Da na ce kwana biyu ban gan shi ba, sai ya ce, "Hidima ce, Malam, sai a hankali."

Aka yanke dawa, aka ɗaure, aka kai rumbu. Na bar kara a tsaye kamar yadda aka saba, na hana masu neman saye. Kwana goma, kwana ashirin, ba shanu. Wata safiya ina kan hanyar gona sai na hango garke a gonar wani mutum, can gaba da tawa. Ban buƙaci a gaya mini ba, na san farar saniyar nan mai karyayyen ƙaho. Na tsaya a bakin hanya na daɗe, sannan na juya gida ban ƙarasa gonar ba.

Mai ɗakina ce ta binciko dalili. Cikin matan da take ba wa man akwai wata bazawara a bayan gidanmu, mai sayar da ɗanwake ran kasuwa. Baiwar Allah ba ta yi da wata manufa ba. Ta ga mai mai kyau, ta ɗauki kwalbar yadda take, da totuwarta da shuɗin ƙyallenta, ta kai kasuwar Karaye ta dasa a kan teburinta, duk wanda ya sayi ɗanwake ta ɗiga masa. Matar abokina kuwa a layin masu nono take zama, ba nisa. Ta zo wucewa ta ga ƙullin hannunta. Ta tambaya a ina aka samo, aka ce daga gidan Malam na Tudun Kaya, ai can ya yi musu yawa, ba sa ci.

Da mai ɗakina ta gama faɗa mini, ta ce, "To ga lokacin naka ya zo, sai dai bai yi sallama ba."

Washegari na sa katin asibiti a aljihu na hau babur zuwa Fulatan. Hanyar ba ta da kyau, kowane rami sai na ji shi a ƙugu. Na same shi a gindin ɗorawa yana tufka igiya. Ya miƙe, ya shimfiɗa mini buzu, ya kawo ruwa da hannunsa. Muka gaisa kamar baƙi biyu da suka haɗu a tasha. Lafiyar gida, lafiyar dabbobi, ya aka ji da kaka, ya mai jiki. Gaisuwa ta ƙare, muka sake ɗauko ta daga farko. Daga baya ya koma kan igiyarsa.

Na zaro katin na miƙa masa. Ya karɓa, ya juya gaban boko, ya juya baya. Shi ma ya yi allo, yana karanta ajami. Na ga leɓensa yana motsi a hankali, yana bin layi da yatsa, har ya zo inda na rubuta man shanu na ja masa layi biyu a ƙasa. Ya tsaya a nan.

"Wannan na yaushe ne?"

Na ce, "Tun faɗuwar yaya."

Ya ƙirga da yatsu. "Wata tara ke nan. Azumin nan naka fa?"

Na ce, "Azumin na yi shi da gaske. Dalilin ne ba shi da kyau."

Ya ajiye katin a kan buzu. Ya ce, "Malam, ni da na ga ka daina sa hannu a akushi da ni, na ce ko wani abu na yi. Na bi kwanakina ɗaya bayan ɗaya ban samu ba. Sai aka zo aka ce mini an ga man gidana a kan tebur a kasuwa, ana ɗiga wa 'yan tasha. Matar nan kwana biyu ba ta ci abinci ba. Ta ce ko ƙazanta aka gani a hannunta."

Na ce, "Wallahi ba a sayar ba. Sadaka aka bayar, ta bi ta can."

"Na yarda. Amma da ka ce mini ba ka so, ai da na huta, ita ma ta huta. Ka san sau nawa take kaɗa nono kafin kwalba ɗaya ta cika?"

Na ce na sani. Na ce kunya ce ta hana ni, ban san yadda zan ce masa man shanunsa yana cutar da ni ba.

Nan ya ɗago, idonsa ya kaɗa. "Shanuna ba su da ciwo."

Na ce ba shanun ba ne, jinina ne. Na ba shi labarin tiyon ban ruwa da laka, yadda likita ya ba ni. Na gaya masa akwai gidajen da abin yake bin jininsu, kuma ga alama namu yana ciki. Ya saurara, amma na ga bai gamsu ba.

Ya ce, "Baffana da ya haife ni, da ludayi yake shan man shanu, kuma sai da haƙoransa suka zube kaf sannan ya rasu. Ni ma ga ni."

Na ce, "Baffanka daga fitowar rana zuwa faɗuwarta yana bayan shanu, ni kuwa rabin ranata a zaure take ƙarewa. Kuma jiki ba ɗaya ba ne. Kai ma da za ka bi ni a gwada ka, da hankalina ya fi kwanciya, don abin ba ya sallama."

"A zuƙi jinina a sa a kwalba? Ka ji Kaɗo da neman magana. Kai da aka gwada me ka samu ban da wake?"

Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba. Ba don maganar waken ba, sai don sunan da ya dawo bakinsa. Shi bai yi dariya ba. Ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba da tufka, sannan ya ce ba tare da ya dube ni ba, "To yanzu me zan riƙa kawowa? Ni ban taɓa shiga gidanku hannu sake ba. Baffana ma bai taɓa ba. Ba zan fara da furfura ba."

Na ce ya zo haka nan, ƙafarsa ta isa. Ya girgiza kai ya ce wannan maganar Kaɗo ce.

Ashe matarsa tana bayan zana tana jin mu. Sai muka ji muryarta, ba ta fito ba. Ta gaishe ni, na amsa, na ba ta haƙuri. Ta ce ya wuce. Sannan ta ce, "In mai ne likita ya hana, ai akwai tsala. An riga an cire man."

Tsala shi ne nonon da ya rage bayan an kaɗe an kwashe mai, tsararo, mai tsami. Shi ake kai wa kasuwa a sayar wa kowa. Ba a kai wa mutumin da ake girmamawa.

Abokina ya juya wajen zanan ya ce, "Tsala? In ɗauki tsala in kai gidan da baffana yake kai mai? Mutane su ce me?"

Ta ce, "Su ce abin da suka ga dama. Ka fi so ka kai masa abin da zai kwantar da shi kamar yayansa?"

Da na tashi tafiya ya rako ni har bakin hanya. A nan na yi ƙarfin hali na tambaye shi zancen shanu. Ya ce ya riga ya ba wa mutumin can magana, ba zai tashe su ba sai sun cinye karan. Na ce gaskiya ne. Ya ce baɗi, in da rai. Na ce Allah ya kai mu. Karan da na bari a tsaye na sayar da shi daga baya, gonar kuwa ta kwana babu taki a shekarar, kuma dawar da ta biyo baya ta nuna.

Da na koma asibiti na tambayi likita zancen tsala, ya ce ba laifi, in dai ban cika masa sukari ba. A wannan zuwan ne ya ce jinin ya fara zuwa inda yake so, amma ƙwaya da wake da tafiya suna nan, ba ranar gamawa. Na ce to.

Kasuwa biyu suka wuce bai zo ba, har na fara cire rai. A ta uku, ana gab da kiran azahar, na ji tsayuwar babur. Bai yi kira daga ƙofa ba, sallama kawai ya yi ya shigo da sauri, yana waiwaye kamar wanda ya ɗauko kayan sata. Ya ɗaga babbar rigarsa ya fito da wata 'yar jarka, ya tura ta bayan ƙyauren zaure.

Ya ce, "Ga shi nan. In wani ya tambaya, ba ni na kawo ba."

Muka yi sallah. Aka kawo tuwo da miyar kuɓewa, babu ko ɗigon mai a kai. Muka sa hannu tare. Ya yi loma ɗaya, ya tauna, ya haɗiye da ƙyar, ya dube ni.

"Haka kake ci kullum?"

Na ce haka nake ci.

Ya ce, "Allah ya ba ka lada, Kaɗo, wannan ya fi azumin wuya."

Bai tsame hannu ba sai da muka ga ƙasan akushin. Bayan nan mai ɗakina ta dama fura da tsalan, muka sha, tsami ya kama mana haƙora, kowa ya yamutsa fuska. Na sake yi masa zancen gwaji, ya ce in bari ya ga yadda tawa za ta ƙare tukuna. La'asar ta yi, ya ce a juye a ba shi jarkarsa, don ita kaɗai gare su.